Dokin Radiyya

Hantsi bai gama ɗagawa ba, Radiyya na durƙushe a gaban turke tana cuɗa dusa da jar kanwa cikin daro, Hadari kuwa sai tura mata hanci yake a kafaɗa don ya ƙagu. Doki ne baƙi wuluk, mai dogayen ƙafafu, kuma duk unguwar nan ta Sabon Birni babu wanda bai san haniniyarsa ba.

"Kai, ka cika gaggawa! Bari in ƙare mana," ta ce tana ture kansa.

Mijinta Hafizullahi na zaune a tabarma yana shan kunu kafin ya wuce Islamiyyar da yake koyarwa. Ya yi dariya. "Ni da na aje ki ban samu irin wagga tarairaya ba."

"To Malam, in kana son dusa ga ta nan, ta ishe ku."

Wannan ce dariya ta farko da ya ji ta yi tun da cikinta ya zube watan jiya. Bai gama jin daɗinta ba suka ji sallama, irin wadda ake yi a wuce ba a jira amsa ba. Mahaifiyarsa ce, Inna Kubura, fuska a ɗaure, babban wansa Almu na biye da ita da waya a hannu.

Radiyya ta goge hannu ta zube ƙasa. "Inna, ina kwana? Mun tashi lahiya?"

Inna ko kallonta ba ta yi ba. "Almu, gwada mashi."

Almu ya miƙa wa ƙanensa wayar. Bidiyo ne na Radiyya a kan Hadari shekaranjiya, can bayan gari, tana horar da shi. Wani ya ɗauka ya watsa.

"Dut kasuwa an gani," in ji Almu. "Matar malami, surukar gidan karatu, ga ta can tana sukuwa kamar ɗan daba! Ni ba ni iya ɗaga kai cikin mutane."

Ba yau Radiyya ta fara hawan doki ba, kuma kowa a gidan ya sani. 'Yar Wada ce, mai kiwon dawakin sukuwa a Turba ta ƙasar Isa. Allah bai ba Wada ɗa namiji ba, ita ce autarsa, tun ƙafarta ba ta kai likkafa ba yake ɗora ta a sirdi. Bara aka bar ta ta zagaya filin sukuwar Isa ita kaɗai don 'yan kallo. Bana kuwa, bayan dogon kai-komo, kwamitin sukuwa ya yarda ta shiga tsere da maza, abin da ba a taɓa yi wa mace ba a yankin. Ranar da Hafizullahi ya je neman aurenta, Wada ya faɗa masa a gaban shaidu cewa ita da doki ba sa rabuwa, shi kuma ya ce ya ji ya gani. Da aka kawo amarya, Hadari na cikin kayanta, kyautar uba.

Inna ta nuna dokin da yatsa. "Wanga baƙin dabba shi ya kashe mini jika! Wace mace ke tsalle bisa doki ciki ya zamna? Ko kwana arba'in ba ki yi ba kin koma! Yau za shi bar gidan ga."

Radiyya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ɗago kai.

"Inna, Allah ya ba ki haƙuri, amma ba haka ba ne. Tun ranar da na san ina da ciki ban sake sa ƙafa a likkafa ba. Zazzaɓin cizon sauro ne, likita ya faɗa, kuma gaban Malam ya faɗa. Likitan ne ma ya ce na warke, ina iya hawa." Ta juya wajen mijinta. "Malam, gaya masu."

Hafizullahi ya dubi uwarsa, ya dubi wansa, sannan ya sunkuyar da kai yana kallon kwanon kunu.

"Malam! Kana wurin hwa! Gaya masu!"

Bai ɗago kai ba.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Almu, kwance shi. Gidan kawunku na Kurawa za a kai shi."

Almu ya nufi turke, Radiyya ta riga shi. Ta tsaya a gaban dokin ta ware hannuwa. "Yaya Almu, dokina ne. Babana ya ba ni. Wallahi sai dai ka bi ta kaina!"

Hadari ma ya kwantar da kunnuwa ya soma tonon ƙasa da kofato. Almu ya ja da baya. Inna ta dubi ɗanta ta ce, "In ni na haife ka, tashi ka kwance shi da hannunka."

Ya tashi. Ya zo gabanta, bai iya haɗa ido da ita ba. "Radiyya, don Allah ba ni hanya. Uwa ce. Ki bari abin ya lafa..."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matsa gefe. Dokin ya saba da shi, shi ke ba shi harawa in ba ta nan, don haka ya bi shi salin-alin. Sai da suka kai zaure ya waiwayo ya yi haniniya. Nan ne hawayen suka zubo mata.

Kafin Hafizullahi ya dawo ta haɗa kayanta a jaka ɗaya. Ya tarar da ita a bakin ƙofa.

"Ina za ki?"

"Turba za ni."

"Haba Radiyya! Kan doki za ki yi yaji?"

"Ba kan doki ba ne. An ce na kashe ɗana, kana tsaye, ka san gaskiya, ka yi shiru. Ni ba ni iya kwana ɗaki ɗaya da wanga shiru naka."

Ta tare mai mashin ta tafi.

Wada na gyaran linzami a gindin itacen bedi ta iso. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

"Auta, aure ba abin wasa ba ne, kuma uwar miji uwa ce. Ko da wasa kada in ji kin aibata ta. Amma ƙarya ba ta zama gaskiya don babba ya faɗe ta. Zamna ki huta." Ya ajiye linzamin. "Tseren fa? Sai in aika a cire sunanki."

"A cire? Baba, in na janye, gobe a ce dama ai mace ba ta iyawa. Ko bisa jaki ne sai na shiga filin nan!"

Dattijon ya murmusa. Dawakin kirki da yake kiwo duk masu su sun kwashe don shirin gasa. Abin da ya rage a barga wata tsohuwar goɗiya ce da rabonta da tsere tun Radiyya na firamare. Ita ta ɗaura wa sirdi. Kullum bayan asuba sai ta fita da ita hanyar gonaki, tsakanin karan gero da aka girbe. Goɗiyar kan yi gudu kaɗan ta tsaya tana haki. Samarin ƙauye na dariya suna cewa, "Amarya, ko a turo ku?" Ba ta kula su. In ta dawo ta shiga ɗaki ta yi kukanta, don kewar mijinta na cinta fiye da yadda take son kowa ya sani.

Hafizullahi ya yi ta kiranta a waya ba ta ɗagawa. Ran nan ta ɗaga.

"Radiyya, sori. Wallahi ba ni barci."

"Malam, ni ba sori nake so ba. Inda ka yi shiru, can za ka koma ka yi magana. In ka yi, ka san hanyar Turba."

Ta kashe wayar.

Ana saura 'yan kwanaki tsere, da la'asar sakaliya, tana tankaɗe a tsakar gida ta ji haniniya daga waje. Rariyar ta faɗi daga hannunta. Ta zari hijabi ta fita da gudu.

Hafizullahi ne riƙe da ragamar Hadari. Farar rigarsa ta koma ja don ƙura, takalmi ɗaya ya tsinke ya ɗaure da igiya, ƙafafunsa sun kumbura. Bai iya hawan doki ba, don haka da ƙafa ya jawo shi tun daga Kurawa, ya yada zango a hanya, a wannan lokaci da ko masu mota ke tsoron dajin hanyar saboda 'yan bindiga.

Radiyya ta rungume wuyan dokin. Ya rame, kuma gefen bakinsa duk ciwo ne.

"Mi ya same shi?"

"Yaran Kawu ne. Sun sa mashi linzami mai kaifi suna ta fizga. Da na je na gan shi jini na zuba, yana ganina ya taho wurina..." Ya sunkuyar da kai. "Na ji kunyar kaina, Radiyya."

Ta share ido ta dube shi. "Na gode da ka kawo shi. Amma ba shi na tambaye ka ba."

"Na sani. Kafin in tahi Kurawa sai da na je wurin Inna, Yaya Almu na zamne. Na durƙusa na faɗa mata abin da likita ya ce. Na ce ba ki hau doki da ciki ba, ni shaida ne, kuma tsoro ya hana ni faɗa. Na ce doki dukiyarki ce, karɓe shi zalunci ne, ni da nake koya wa yara haka ba ni iya aikata shi. Na ce ta sa ni komi za ni yi mata, ban da wanga."

"Sai ta ce mi?"

"Ta ce mace ta shanye ni. Ta shiga ɗaki ta rufe. Na gaishe ta har sau nawa, ba ta amsa ba."

Radiyya ta san nauyin wannan a wurinsa, mutumin da bai taɓa cin abinci ba sai ya leƙa ko uwarsa ta ci. Ta koma ciki ta ɗebo ruwan ɗumi a daro, ta zuba gishiri, ta durƙusa ta sa ƙafafunsa a ciki. Wada da ke kallo daga gindin bedi ya kawar da kai, ya tashi ya ja Hadari zuwa barga.

Da man shanu da haƙuri bakin dokin ya soma warkewa, amma bai isa ɗaukar ƙarfe ba. Wada ya ce hawan ingarma a tsere ba linzami ganganci ne.

"Ya san muryata, Baba. Ragama ta ishe mu."

Ranar tsere filin Isa ya cika maƙil. Ga mutanen Sabon Birni, ga na Shinkafi, ga waɗanda suka ƙetaro daga Nijar da dawakinsu. Masu kalangu na kiɗa, masu rake da ƙosai na ciniki. Radiyya ta fito da doguwar riga har gwiwa da wando mai faɗi, ta cusa hijabinta ƙarƙashin hular kwano. Filin ya ɗauki sowa, wasu na tafi, wasu na ihu.

"Ki koma madafa!"

"Ina mijinta? Ba shi da baki ne?"

Ta taune leɓe ta ci gaba da jan dokinta. Kafin ta kai layi sai ga wani dattijo daga kwamiti ya tare ta, Almu na gefensa.

"Yarinya, dakata. Wanga bawan Allah ya ce daga gidan mijinki yake, kuma ba a ba ki izini ba. Mu ba mu shiga rigimar aure."

"Ranka ya daɗe, ku kuka yi mini rejista da hannunku. Ba inda za ni sai layi!"

"Sai mun ji daga mijin," in ji dattijon.

"Ga shi nan."

Hafizullahi ne ya ratso taron yana ɗingishi. Ya rusuna wa wansa tukuna, sannan ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji. "Ni ne mijinta! Da izinina ta zo, da yardata za ta hau. Yaya, ka yi haƙuri."

Bai tsaya nan ba. Ya riƙe mata likkafa a gaban dubban mutane har ta haye, ya gyara mata gefen riga, ya ce a hankali, "Allah ya tsare. Tahi ki gwada masu." Almu ya yi tsaki ya juya.

Aka saki tuta. Dawaki suka zabura, ƙasa ta ɗau rawa. Tun a kwanar farko wani mahayi ya matse ta da gangan har ƙafarta ta gogi shinge, Hadari ya yi tangal-tangal, suka koma can baya. Ƙura ta cika mata ido, zafi na ratsa ƙaurinta. Ta kwanta a wuyansa.

"Hadari! Kada ka ba ni kunya! Mu tahi!"

Ya miƙe kamar an sake shi daga ɗauri. Suka wuce ɗaya, suka wuce biyu. A zagaye na ƙarshe ta bi ta waje ta shafe wanda ya matse ta, ko kallonsa ba ta yi ba. Saura wani jan doki daga Maraɗi. Ta cim masa, kai da kai, numfashi da numfashi, filin duk ya miƙe tsaye. Amma Hadari bai gama murmurewa ba, a taku na ƙarshe jan dokin ya zarce shi da tsawon wuya.

Ta biyu ta zo. Sai dai guɗar da matan da ke bayan shinge suka rangaɗa ta danne kiɗan wanda ya ci. 'Yan mata suka yi ta kutsawa don su taɓa rigarta. Mahayin dokin Maraɗi ya dube ta, ya dubi bakin dokinta babu ƙarfe, ya ɗaga mata hannu. Ita kuwa ta sauko tana haki ta ce wa mijinta, "Baɗi ba ta biyu za ni zo ba."

Ta koma ɗakinta a Sabon Birni, Hadari ya koma turkensa. Amma Inna Kubura ta ɗauke musu wuta. Radiyya ba ta fasa hawa ba ko na rana ɗaya, ba ta kuma fasa zuwa gaisuwa ba. Kullum da safe sai ta dama fura ta kai da kanta, ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta ce, "Inna, ina kwana?" A yi mata shiru, ta ajiye kwano ta tafi. Wata rana a dawo da furar ba a taɓa ba. Ƙawayenta suka ce ta daina wahalar da kanta, ta ce, "Ita ta haifa mini mijina. Kan doki ba ni ja da baya, kan gaisuwa ma haka."

Da damina ta faɗi Allah ya sake ba ta ciki. Ranar da ta tabbatar, da kanta ta rataye sirdi a bango, ta aika Hadari Turba wurin babanta don kada gudunsa ya mutu. Ta riƙe awo da gidan sauro da magani. Labari ya kai wa Inna, ba ta leƙo su ba. Sai dai daga ranar kwanon fura ya soma dawowa a wanke.

Ta haifi 'ya mace lafiyayya. Washegari da hantsi Inna ta shigo ba aike, ta karɓi jaririyar ta daɗe tana kallo. Hawaye suka gangaro mata.

"Ɗiyata, na ɗora maki abin da ba ki yi ba. Zafin rashi ne ya rufe mini ido. Na yi ta jira ki rama, ko da da kallo ne, ba ki rama ba. Ki yafe mini."

"Haba Inna! Wallahi na daɗe da yafewa. Ni ma ki yafe mini ɗaga murya da na yi gabanki."

Aka sa wa yarinyar Zulaihatu. Tseren wannan shekara ya wuce Radiyya na jego. Na shekarar da ta biyo kuwa, ita da Hadari suka ci tseren, suka ba na biyu rata mai nisa. Da ta sauko, Inna Kubura na bayan shinge cikin mata, goye da Zulaihatu, tana ce wa na kusa da ita, "Surukata ce! Matar ɗana ce!" Almu bai je filin ba, amma da yamma ya aiko da damin harawa, bai haɗa da magana ba. Kafin shekara ta zagayo iyaye uku sun kai 'ya'yansu mata Turba a koya musu hawa, Radiyya ce malamarsu.

'Yan uwana matasa, abin lura a nan shi ne Radiyya ba ta bar gaskiyarta don a so ta ba, ba ta kuma jefar da ladabi don tana da gaskiya ba. Ta riƙe su duka biyun har Allah ya juyo mata da zukatan da suka ƙi ta. Ku kuma maza, ku dubi Hafizullahi. Biyayyar iyaye wajibi ce, amma yin shiru ana zaluntar matarka ba ya cikin biyayya. Ranar da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya cikin ladabi, ranar ya ceci aurensa, ya kuma ceci mahaifiyarsa daga ɗaukar alhaki. Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, da haƙurin jiran sakamakonta.